A Koya wa Ɗaliban Jami'a Hulɗar Ma'aikaci da Mai Ɗaukar Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in miƙa shawara ga hukumomin jami'o'in da ke Jihar Kano, musamman Jami'ar Bayero, game da wani ilimi da na daɗe ina ganin illar rashinsa, wato ilimin hulɗa tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki.

Na yi aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin roba a nan Kano har na yi ritaya, kuma akwai safiyar da ba ta fita daga raina. Inji ya datse wa wani matashi yatsu biyu a aikin dare, na tarar da shi zaune a benci bakin ofishina, hannu naɗe da bandeji, yana riƙe da ambulan ɗin kuɗin da shugaban sashensa ya ba shi, ya ce ya je ya yi jinya, Allah ya kiyaye gaba. Shugaban sashen nan injiniya ne mai tausayi, sabon fitowa daga jami'a, kuma daga aljihunsa ya ciro kuɗin. Amma bai rubuta rahoton haɗarin ba, domin bai taɓa jin labarin Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ba, wadda ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, saboda irin wannan rana. Shi kuwa matashin godiya kawai yake yi. Ta hannun ɗan kwangila ya shigo, ya shekara biyu ba shi da takardar ɗaukar aiki, alhali Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Dukansu biyu ba mugun nufi a ransu, rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

A jami'o'in Amurka ɗalibi yana iya riƙe babban fanninsa, ya haɗa da wani ƙaramin fanni na kwasa-kwasai biyar ko shida, a rubuta masa shi a takardar sakamako, kuma hulɗar ƙwadago na cikin fannonin da ake zaɓa ta wannan hanya. Jami'ar Cornell ma makaranta sukutum ta ware wa wannan ilimi tun 1945. Mu a nan, wanda ya shiga injiniya ko harhaɗa magunguna ko aikin gona yakan fita bai ji komai a kai ba, sannan cikin 'yan shekaru a ɗora shi a kan mutane hamsin a masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Ina ganin ƙofa a buɗe take yanzu, tunda sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Garin da ya rayu a kan kasuwa da masana'anta, me ya fi dacewa da shi fiye da wannan?

Abin da za a koyar a bayyane yake. Ɗalibi ya san cewa dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun fansho, ma'aikaci kuma kashi 8. Ya san cewa wanda ya shekara biyar a aiki ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda ko kuɗin da ke madadinta. Ya san cewa mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wanda ke nufin yawancin yaran shago na Kantin Kwari da Sabon Gari suna wajenta. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin a nan ne dokar gwamnati ta tsaya, aka bar yaro da imanin ubangidansa. Saboda haka nake so a haɗa da babin ijara na fiƙihu, wato hukuncin ɗaukar mutum aiki da lada, da hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ta yadda ɗan kasuwar da ya yi boko zai ga cewa abin da doka ke nema addininsa ya riga ta nema.

Na san wasu za su ce koya wa yara yajin aiki za a yi. Ni kuwa a shekarun da na yi ina zama tsakanin manajoji da wakilan ƙungiyar ƙwadago, na lura rigima ta fi ƙazanta inda ba wanda ya iya zaman teburi. Ɗaliban da suka yi wata takwas a gida a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a sun cancanci a bayyana musu yadda ake ƙulla yarjejeniya, yadda ake naɗa mai shiga tsakani, da lokacin da magana ke kaiwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ya kamata kuma su san cewa a nan Kano gwamnatin PRP ta marigayi Abubakar Rimi ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, shekara guda kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya.

Ba sai an gina sabon sashe ba, domin malaman shari'a da na tattalin arziki da na nazarin zamantakewa suna nan, kuma Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano inda ɗalibai za su iya zama su saurari shari'a da kunnensu. Idan wata tsangaya ta fara, ni da wasu abokan aikina da muka yi ritaya a shirye muke mu zo aji mu nuna wa ɗalibai yadda ake rubuta takardar ɗaukar aiki da rahoton haɗari, ba tare da an biya mu ko kwabo ba.

Naka,
Tsohon jami'in kula da ma'aikata,
Gwale, Kano.