Sanarwa kan ɗinkin kwat na bikin

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu son kwat ɗin abokan ango, telan ya ce sai kowa ya je da kansa a auna shi, kada a aiko da tsohuwar riga a ce ya bi ta. Bara na yi haka, hannun rigar ya tsaya mini a tsakiyar damtse kamar na aro ta ƙanena.

Yadin ulu mai nauyi kuma ku bar shi, zafin Kano ba zai bar mutum ya zauna da shi ba. Mai sauƙi za mu ɗauka a Kantin Kwari, baƙi ko ruwan toka. A zo da takalmin da za a saka ranar, don a daidaita tsawon wando. Rabin kuɗi kafin a yanka, sauran bayan gwaji na biyu.