Sharon na cinye mana tumatir, a turo mana malaman gona

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah ka bani fili in yi kuka akan tsutsar nan sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, dake cinye mana tumatir duk shekara da zarar zafi ya shigo.

Kowa ya tuna 2016, har gwamnatin Kaduna sai da ta kafa dokar ta baci akan tumatir, mu kuma nan Kura da Kadawa da Garun Malam gonaki suka kone kamar an sa musu wuta, kwando yayi tsadar da mata suka koma tumatirin gwangwani da kauda. Tun daga lokacin abin bai barmu ba wallahi.

Abinda ke damuna shine har yau feshi kawai muka sani. Manomi yaje kasuwa mai shago ya miko masa kwalba, ya fesa yau ya fesa jibi, kudi su kare tsutsa tana nan, domin ita cikin ganye take shiga tana ci ta ciki inda maganin baya kaiwa sosai, sannan ta huda dan tumatirin ya rube, kuma ta riga ta saba da magunguna da yawa. Malam-bude-littafinta guda daya tana iya zuba kwai sama da 200, cikin kamar wata daya sabbi sun tashi.

Kuma da yawanmu bamu san cewa tumatir da gauta da yalo da tattasai da attaruhu da dankalin turawa duk dangi daya bane. Ka cire tumatir ka dasa gauta a wurin, ai ka ajiye mata abinci ne. Da albasa ko masara ko alkama aka juya, aka kone ragowar karan tumatirin maimakon a barshi yashe a bakin gona, da ta ragu sosai.

Wannan aikin malaman gona ne, to ina suke? Akwai tarkon nan mai kamshin dake janyo mazan malam-bude-littafin su makale, a kawo shi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da farashin da talaka zai iya, a nuna mana yadda ake kafa shi. Muna rokon ma'aikatar gona ta Kano ta turo mana mutanenta tun lokacin rainon iri, kafin dashe.

Naka,
Wani manomin rani daga Kura, jihar Kano