Injin surfani ya shigo Kasuwar Barci, saura masu zane

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni ɗan fili in yi magana kan sana'ata. Ni tela ne a Kasuwar Barci, Tudun Wada. Mahaifina ya yi aiki a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, kuma yakan ce a zamaninsu yadi iri ɗaya ake saƙawa bandir-bandir, kowa ya saya ya yi shiru. Yau kuwa ango zai turo min hoto ta WhatsApp, ya ce harafin farkon sunansa yake so a aljihun kaftani, amarya kuma sunanta da ranar biki a jikin jakunkunan rabo.

Injin surfani na kwamfuta ne ya kawo wannan. A zuba zane a filas, a soka a jikin injin, a ɗame shadda, sai ka ga allura na ta rawa, injin na sauya launin zare da kansa. Wuyan rigar da zai ci mai aikin hannu kwanaki, kafin la'asar an sauke shi. Ban ce ya kamo ƙafar aska takwas ta Zariya ba, wato surfanin hannu na babbar riga, wanda ya san riga ya san bambanci. Amma ɗan makaranta ma yanzu yana iya sa sunansa a hula.

Waya kuma ta zama littafin awona, tun da ruwan sama ya cinye min tsohon. Daga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, kusan kowa taransifa yake yi.

Ga inda gizo ke saƙar. Injin ba ya gane hoto. Sai wani ya zauna da manhaja ya tsara inda kowace allura za ta faɗa, da yawan ɗinkin da zai cika harafi, kuma a nan kuɗin yake. Ana saura mako guda Babbar Sallah na tura wa wani mai zane a Legas aiki, na jira kwana huɗu, ya dawo min da "daurin aure" babu lanƙwasa a kan ɗ. Haruffan da ke zuwa da injinmu babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai an zana su da hannu, shi kuma bai san da zamansu ba. Jaka talatin na warware da reza, uwar amarya na tsaye a kaina.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna maƙwabciyarmu ce a Tudun Wada. Roƙona ga shugabanninta da gwamnatin jiha shi ne a buɗe gajeren kwas na tsara zanen surfani, da yamma, yadda yaran shago za su iya zuwa bayan an tashi. Ina da biyu masu kaifin kai da wayar nan, zan biya musu kuɗin fom.

Naku,
Wani tela, Kasuwar Barci, Kaduna