An ce in durƙusa gaban jama'a kafin a mayar da ni aikin fasto

Baba, barka da aiki. Ba zan faɗi sunana ko sunan ikklisiyar ba, domin har yau surukaina a can suke sujada.

Shekara 16 na yi ina fasto. Ina tsakiyar karatun NCE, na zama malamin makaranta, aka ce mini kiran Allah ba ya jiran takarda, na bar makaranta na shiga wurin horonsu, wanda takardar shaidarsa ba ta da amfani sai a cikin gidansu. Mun sa hannu cewa babu noma, babu kasuwanci. Aure ma sai hedikwata ta duba yarinyar ta amince. Sau bakwai aka canza mini wuri. Takarda ta iso ranar Alhamis, Lahadi kana wa'azi a wani gari. Kowace Litinin a tura zakka da baiko sama, kuma akwai adadin da aka yanka wa kowa. Wanda ya gaza, a kira sunansa a taron fastoci a ce shafewar Allah a kansa ta ƙare. Duk wannan na haɗiye shi, ina cewa hidima ce.

Sai 2023 ta zo. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, damina na sauka cuta ta afka wa citta a Kachia, Kagarko da Jaba. Membobina kusan duk manoman citta ne. Ganye ya yi rawaya, in ka tono sai ruɓa da wari, ga bashin iri da taki a wuyan mutane. A wannan shekarar aka ƙara mana adadin, aka kuma umarce mu mu yi wa'azi a kan Malakai 3, mu ce cutar ta zo ne don suna yi wa Allah sata. Na yi, Baba. Lahadi huɗu a jere, da bakina.

Ranar ta huɗu wata gwauruwa ta biyo ni ofis, ta kwance bakin zaninta ta zube kuɗi a tebur. Akuyarta guda ɗaya ta kai kasuwa. Ta ce, “Fasto, ka yi mini addu'a Allah ya yafe.” Na ƙirga, na rubuta mata rasit, na ɗora mata hannu. Bayan mako biyu na ga ɗanta yana yawo a kasuwa da safe, an koro shi saboda kuɗin makaranta.

Na rubuta wa hedikwata cikin ladabi ina roƙon a sassauta mana shekara ɗaya. Amsar ita ce Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu, da dakatarwar wata uku babu albashi saboda “ruhun tawaye”. Na ajiye aikin. Aka ba mu mako biyu mu fita daga gidan fasto, aka karɓe babur, aka sanar a kan mumbari cewa kada kowa ya gaishe mu ko ya ci abinci da mu. Mutanen da na yi wa baftisma, na ɗaura musu aure, su hango ni su canza hanya.

Yanzu muna ciki da falo a Kafanchan, ni da matata da yara huɗu. Keke Napep na wani nake ja, in kai masa balas kullum, abin da ya rage mu ci. Ba na jin kunyarsa, Manzo Bulus ma ya ɗinka tanti. Amma babu fansho, babu kuɗin sallama, kuma mahaifiyar matata ta daina ɗaga wayarta. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne addu'a ta gagare ni. Bakina ya san kalmomin, amma da na rufe ido muryar shugabanmu nake ji. Nakan zauna a bencin baya a wata majami'a, in an zo baiko in fita waje.

Makon jiya wani dattijon ikklisiyar ya zo da dare. Ya ce za a mayar da ni, da gida da albashi, muddin na durƙusa gaban jama'a na karanta takarda cewa Shaiɗan ne ya ruɗe ni. Matata ba ta ce in je ba, amma na ga yadda ta dubi yaran. Ni ma na san 1 Timoti 5:8, na sha yin wa'azi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Ga kuma fastoci biyu da ke kirana a ɓoye, suna jira su ga zurfin ruwan daga gare ni.

Baba, in je in faɗi ƙarya don yarana su koma makaranta? In ban je ba, wani ya ce in kai ƙara Kotun Ma'aikata kan haƙƙina na shekara 16, amma 1 Korantiyawa 6, da ta hana kai ɗan'uwa mai bi ƙara a gaban marasa bi, tana tsaye mini a maƙogwaro. Gwauruwar nan kuma, in je in roƙi gafararta hannu wofi, ko in bari sai na tara kuɗin akuya? Dattijon ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ɗanka,
tsohon fasto, Kafanchan