Rahoton Ayyukan Shekara: Sharar Samfurori, Akwatin Gilashi da Kuɗin Wata

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Taron wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Bari in fara da akwatin gilashi na ajiye samfurorinmu, wato ƙananan kwafin gine-ginen gargajiya, tunda duk inda aka gan ni shi ake tambayata. Ba a yi shi ba. Kafinta ya zo ya yi awo, mun je Kasuwar Katako mun ji kuɗin katako, mai gilashi ma ya faɗi nasa, amma kafin mu haɗa rabi kaya sun tashi. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da Ma'aji mun kira waya, mun tura saƙo a WhatsApp, wasu har ƙofar gida muka bi su, amsar ba ta wuce "gobe in sha Allahu". Ɗan abin da ya shigo kuma rufin ɗakin ajiya ya cinye. A watan Agusta ruwa ya fara ɗiga daidai kan kantar da samfurin ganuwar Kano yake. Kun san samfurorinmu ɗanyar ƙasa ce, ba gasassu ba ne irin kawunan tsoffin mutum-mutumin Nok da ke Gidan Tarihi na Jos. Ruwa ya taɓa su, sun koma laka. Ko dai mu canza kwano a makon nan, ko mu yi asarar aikin shekaru. Wanda bai gamsu ba, littafin Ma'aji a buɗe yake.

Abin da ya faranta mini rai a bana shi ne ranar shara ta ƙarshen hunturu. Da muka yaye zannuwan rufi, ƙura ta riga ta bi ta ƙarƙashi ta kwanta, har jan makubar da ke jikin samfurin hasumiyar Gobarau ta Katsina ya koma fari-fari. Baba magini ne ya tsaya a kan aikin, kuma tun daga bakin ƙofa ya karɓe tsummokaran da aka zo da su. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen ƙyalle, ba busawa da baki saboda danshin numfashi. Auduga ma ya hana, don tana maƙalewa a gefen zane ta ɓantare shi. Da burushin kwalliya mai laushi, wanda Hajiya Mataimakiya ta kawo sababbi, aka riƙa share ƙurar daga sama zuwa ƙasa. Mutum ɗaya na shara, ɗaya na riƙe da bakin injin zuƙar ƙura ɗan nesa kaɗan, an ɗaure masa yankin gidan sauro da roba, domin ko wani abu ya gutsure ya tsaya a ragar. Kuma ya yi amfani: a nan muka tsinci kan zanko guda, bai fi ƙwayar wake ba, Baba ya mayar da shi wurinsa.

Samfurin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina asalinsa a ƙarni na 19, shi ya fi cin lokaci. Sai da mutum biyu suka ɗauke shi ta faifan ƙasa, da hannu bibbiyu, kafin aka ɗage rufin. Wata ɗaliba cikin yaran makarantar da muka gayyata ta yi kusan awa guda tana bin bakan gizon ciki da ƙaramin burushi, ba ta ko ɗaga kai. Da zanen jikin ginshiƙi ya fito fes, sai ta ce, "Baba, ashe akwai ado a ciki!" Bayan azahar muka kai su Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, suka shiga sashen gine-ginen gargajiya suka tsaya cikin babban kwafin masallacin da suka gama sharewa da safe. Allah ya saka wa Baba da Hajiya da alheri.

Sai dai fuskokin da suka zo ranar su ne dai fuskokin kullum. Wasu sunansu na cikin kwamitin ɗaukar hoto da rubuta lambar kowane samfuri, amma tun da aka naɗa su ba su taka ɗakin ba, shi ya sa rajistar ta tsaya a kanta ta biyu. Wannan yana mini ciwo, domin a kanta ta uku, inda motocin kara suke, mun ga garin da ƙwaro ke zubarwa. Mun ware guda biyu mun ɗaure su a leda, amma da ana leƙawa duk wata da an gani tun da wuri.

Shara ta gaba kafin hunturu ya kama ce. Mai bashi ya ga Ma'aji kafin taron wata mai zuwa, kuma ina neman mutum uku da za su karɓi aikin rajista, su faɗa da bakinsu a gaban taro.

Wassalam.
Sakatare