Ba Tkinter ce ta sandare maka ba: wasiƙa ga ƙanena mai manhajar kemis

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Asabar, ana dab da tashi daga zamanmu na masu koyon rubuta manhaja, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya. Ka ce ka yi wa wani mai kemis manhajar lissafin kaya da Python da Tkinter, wato kayan aikin Python na gina taga da maɓallai. A kwamfutarka lafiya lau take aiki, amma a shago da zarar an danna maɓallin fitar da rahoton wata sai taga ta yi fari fat, Windows ta rubuta Not Responding a samanta, har mai shago ya fara cewa gara littafinsa na da. Ka tambaya ko ka watsar da Tkinter ka koma Qt, wani kayan gina taga, ko yaren C#, tunda an ce maka Tkinter kayan 'yan koyo ce. Aka kira la'asar kafin in buɗe baki, na ce zan rubuto. Na rubuta a fili ne domin na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai lokacin da kake magana.

Kada ka koma ko'ina tukuna. Ciwon da ke jikin manhajarka zai bi ka har cikin Qt, ya bi ka cikin C#, domin ba daga Tkinter ya taso ba.

Ka dubi shagon mai kemis ɗin kansa. Mutum ɗaya ne a bayan kanta. Shi ke amsa sallama, shi ke miƙa magani, shi ke ba da canji. Idan ya shige sito ƙirga katan-katan na minti goma, duk wanda ya zo sai dai ya yi ta sallama ba amsa, ba don shagon ya rufe ba. Taga ma haka take. Layin nan na ƙarshe da kake rubutawa, mainloop, shi ne mai tsaron kantar. Yana zagayawa ne ba tsayawa, yana karɓar saƙonni ɗaya bayan ɗaya: an danna nan, an buga harafi, an ja taga, a sake zana wannan gefen. Idan aka danna maɓalli, shi da kansa ne ke tafiya ya yi aikin da ka ɗaura wa maɓallin, kuma ba zai koma kanta ba sai aikin ya ƙare. Ita kuwa Windows ba ta da dogon haƙuri. Idan taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, sai ta lulluɓe ta da wata farar taga ta bogi, ta rubuta abin da ka gani. A lokacin nan manhajarka ba ta mutu ba, tana can sito tana haɗa rahoto.

Abin da ya sa ba ka gani a wajenka ba shi da wuyar ganewa. Kai da magunguna goma ka gwada, a kwamfuta mai sauri. Shagon yana da cinikin watanni a tsohuwar laftof.

Kafin ka gyara komai, ka auna. Ka sa time.perf_counter a farkon aikin da ƙarshensa da tsakatsaki, ka ga ainihin inda lokacin ke tafiya. Na fi ƙarfafa wannan a kan komai, domin sau da yawa abin da mutum ke zargi ba shi ne ɓarawon ba. A irin manhajarka wurare uku na fi samunsa. Ko dai kana tambayar rumbun bayanai sau ɗaya a kan kowane magani maimakon tambaya ɗaya da za ta kwaso duka. Ko kana yin commit, wato tabbatar da ajiya, a rumbun bayanai na SQLite bayan kowane layi, alhali kowane commit sai ya jira faifan kwamfuta ya tabbatar da rubutu. Ko kuma akwai wani wuri da manhajar ke leƙa intanet da requests ba ka sa mata timeout, wato iyakar lokacin jira, ba. Ita requests ba ta da iyakar jira ta kanta, idan sabis ya ɗauke sai ta zauna jiran gawon shanu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne, kana gyarawa aikin minti guda zai iya komawa ƙiftawar ido, ba ka ma buƙaci sauran bayanina ba.

Idan kuwa aikin mai nauyi ne da gaske, to mai kanta yana buƙatar yaron shago. Wannan shi ne zare na biyu, wato wani layin aiki da ke tafiya a gefen babban zaren da mainloop ke kai, abin da threading ke ba ka. Ka tura haɗa rahoton can, mai kanta ya ci gaba da amsa sallama. Amma akwai doka guda da ba a karya ta: yaron ba ya taɓa kanta. Ba ya canza rubutun da ke kan taga, ba ya motsa sandar da ke nuna ci gaban aiki, ba ya fito da akwatin saƙo. Abin da ya gama sai ya ajiye a queue.Queue, shi kuma babban zare ya riƙa leƙawa da after, umarnin Tkinter na yin aiki bayan wani ɗan lokaci, a ce duk bayan milisakan 100, ya ɗauka ya nuna. Wanda ya karya dokar nan wani lokaci zai ga saƙon main thread is not in main loop. Wannan ma ya yi sa'a. Mafi muni shi ne manhajar ta yi mako tana aiki sumul, ranar da layi ya cika a shago ta rufe kanta ba gaira ba dalili.

Abu biyu kuma su tafi tare da wannan. Haɗin SQLite da ka buɗe a babban zare ba zai yarda a yi amfani da shi a wani zaren ba, sai yaron ya buɗe nasa. Sannan ka kashe maɓallin da zarar an danna shi, ka rubuta "Ana haɗa rahoto" a ƙasa, ka kunna shi in an gama. In ba haka ba mai shago zai danna sau huɗu, ka wayi gari da yara huɗu suna kokawa a sito ɗaya. Za ka ji wasu na cewa ka cusa update a tsakiyar aikin kawai, taga za ta farfaɗo. Za ta farfaɗo kam, amma ka buɗe ƙofar a sake danna maɓallin ko a rufe taga alhali aikin farko bai ƙare ba. Shi kuwa time.sleep ba shi da gurbi a babban zare ko kaɗan. After aka tanada domin jira.

Wannan doka ba ta Tkinter kaɗai ba ce. John Ousterhout ya fitar da Tk, wadda Tkinter ke zaune a kanta, a 1991, Qt ta fito daga Norway a 1995, kuma duka a kan mai kanta ɗaya aka gina su. A Qt za ka haɗu da QThread da sigina. A Swing ta Java akwai SwingWorker da invokeLater. A WinForms ta C# kana taɓa taga daga wani zare za ta ce maka Cross-thread operation not valid. Sunaye ne kawai suka bambanta.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi sandarewar tayar mini da hankali. Ka ce da PyInstaller ka dunƙule manhajar ta zama fayil ɗaya ka kai a filash. To a ina ka ajiye rumbun bayanan? Fayil ɗayan nan, duk lokacin da aka kunna shi, yana zazzage kayansa ne a wata folda ta wucin gadi mai suna da ya fara da _MEI, idan an rufe manhajar kuma ya share ta. Hotuna da tambari suna iya zama a can, ka nemo su ta sys._MEIPASS. Amma duk abin da ake rubutawa a cikinsa, in ya shiga foldar nan, ya tafi da rufewar taga. Na taɓa yi wa wata makaranta manhajar kuɗin makaranta da wannan kuskuren. Akawun ya wuni yana shigar da sunayen ɗalibai, ya rufe ya tafi gida, da safe ya tarar da wayam. Har yau ina jin nauyin idon mutumin nan. Ka duba naka yau ɗin nan, ka mayar da rumbun foldar APPDATA ta mai kwamfutar, ka kuma sa manhajar ta riƙa kwafe shi kullum kafin a tashi. Littafin bashin mutane ne a ciki.

Dunƙulewar tana da wata illa. Da ka ɓoye baƙar tagar umarni don manhajar ta yi kyan gani, ka ɓoye wurin da kurakurai ke bayyana. Idan aikin wani maɓalli ya faɗi, Tkinter ba ta rufewa, tana rubuta kuskuren ne a baƙar tagar ta ci gaba da harkarta. Babu tagar, babu labari. Mai shago zai kira ka ya ce "na danna bai yi komai ba", kai kuma ba ka da abin kamawa. Ka maye gurbin report_callback_exception da naka, wanda zai rubuta cikakken kuskuren da kwanan wata a fayil ta hanyar logging, ya kuma nuna wa mai shago ɗan saƙo da Hausa. Kuma don Allah ka bi kod ɗinka ka tumɓuke duk inda ka rubuta except sannan pass. Wannan rufe bakin majinyaci ne don kada a ji nishinsa.

Akwai wadda ta shafe mu mu masu Hausa musamman. Ranar da aka shigar da suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar naira ₦, aka zo fitar da rasit ko ajiye fayil, kana iya ganin UnicodeEncodeError da kalmar charmap a ciki. Dalili shi ne a yawancin kwamfutocinmu, idan ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python na bin tsohon tsarin Windows mai suna cp1252, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai, babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Ka riƙa rubuta encoding="utf-8" duk inda ka buɗe fayil. In CSV ne da za a buɗe a Excel, ka sa utf-8-sig, in ba haka ba sunan Ɗanladi zai fito kamar an watsa tsaba. Idan kuma ɗan akwati kake gani a gurbin harafin, to bayanan lafiyarsu ƙalau, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da harafin. Ban yarda da masu cewa a rubuta k da d kawai a huta ba. Mai suna yana da haƙƙin a rubuta sunansa daidai a rasit ɗinsa.

Sauran ƙanana ne, za ka ci karo da su in ba ka riga ka ci ba. Hoton da ka ɗora a cikin wani fankshin ya fito fanko: Python ta share PhotoImage ɗin ne da fankshin ya ƙare saboda babu mai riƙe da shi, sai ka liƙa shi a jikin self. Maɓallin da ke aiki tun kafin a danna shi: ka rubuta command=ajiye() maimakon command=ajiye. Kuskuren NoneType a kan akwatin rubutu: ka haɗa ƙirƙirarsa da grid a layi ɗaya, shi kuwa grid ba ya mayar da komai. Kada ka gwama pack da grid, hanyoyi biyu na jera abubuwa a taga, a cikin firam ɗaya. Rubutu ya yi dishi-dishi a sabuwar laftof da aka ƙara girman allonta zuwa 125 ko 150 cikin ɗari: ka kira SetProcessDpiAwareness kafin ka buɗe taga.

Ban ce kada ka taɓa koyon Qt ba. Ranar da teburin kayanka ya kai dubban layuka har Treeview, mai nuna tebur a Tkinter, ta fara ja da ƙafa, ko kana son buga rasit kai tsaye a firinta ba tare da dabaru ba, Qt ta fi Tkinter nesa ba kusa ba, domin tana da tanadin duka biyun. In ranar ta zo ka lura da lasisi tunda sayarwa kake yi: cikin hanyoyi biyu na amfani da Qt a Python, PyQt tana ƙarƙashin lasisin GPL ne ko ka biya, PySide6 kuma LGPL ce, ta fi sauƙi ga mai sayar da manhajarsa a rufe. Amma ka je can ne don buƙata ta kai ka, bayan wannan da ke hannunka ta tsaya da ƙafarta, mai kemis ya daina zancen littafi.

Ka fara da inda rumbun yake zaune, yau. Gobe ka sa fayil ɗin kurakurai, ka bar shi ya kwana uku a shagon. Ranar Asabar ka zo da shi da kwafin rumbun da ka goge sunayen masu bashi a ciki, mu zauna bayan la'asar mu auna maɓallin rahoton nan tare.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka