Manhajar lissafin taurari ba laifi bace, amma a ina take samun lokaci?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a bani ɗan fili, nasan mu mutanen tudu ne ba kasafai ake zancen teku a jaridar Hausa ba, amma yanzu yaranmu suna tafiya Oron da Legas koyon aikin jirgin ruwa. Ɗan yayana na cikinsu, da yazo hutun sallah muka raba dare muna musu, shi wai buɗe littafin Nautical Almanac, wanda matuƙa ke duba matsayin rana da taurari aciki dan gane inda jirgi yake, da shafukan lissafin nan ɓata lokaci ne tunda akwai manhaja a waya. Ni kuwa na kwashe shekaru a jirgin dakon kaya.

Ga wanda bai sani ba, in GPS ya ɗauke a tsakiyar teku na'urar awo da ake kira sakstan zaka ɗauko ka auna tsayin rana ko tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa, ka rubuta lokacin har daƙiƙarsa, sannan ka koma littafin Almanak ɗin. Tun 1767 ake buga shi a Ingila duk shekara, taurari 57 aka ware ma matuƙa aciki. Kuma tauraro baya jiran kowa, tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu, ko da asuba kafin fitowar rana, kake ganin shi da bakin ruwan a tare, a Tekun Gini kafin kace kwabo dare yayi, lokacin hunturu kuwa hazo na iya hanaka kwana da kwanaki.

Gaskiya yaron yanada hujja. Lissafin taurari uku da fensir yakan ci rabin awa, ga bacci ga jirgi na tangaɗi, ni kaina nasha tara abunda ya kamata in ɗebe. Kwamfuta bata wannan shirmen. Sojan ruwan Amurka ma sunada tasu manhajar STELLA tun shekarun 1990. Toh bance a jefar da ita ba.

Tambaya ɗaya nai mashi yayi shiru: wayar taka a ina take samun lokaci? Domin kuskuren daƙiƙa 4 kacal a agogo mil ɗaya na teku ne a yankinmu, mita 1852 kenan. In agogon wayar da hasashen inda kake duk daga GPS ɗin nan da ka daina yarda dashi suke zuwa, ai an gudu ba'a tsira ba. A 2017 jirage sama da 20 a Bahar Aswad kusa da Novorossiysk ta Rasha na'urarsu ta GPS ta nuna masu wai suna filin jirgin sama akan tudu, alhali suna kan ruwa. Makarantar sojan ruwan Amurka dake Annapolis da ta taɓa ajiye darasin taurari sai da ta dawo dashi a 2015, kuma ba dan sun rasa kuɗin na'ura bane.

Sannan ita manhaja bata musu da kai, abunda ka bata shi zata dafa. Wata rana muna jiran shiga Apapa wani ƙaramin hafsa ya saka agogon Najeriya maimakon na Girinwic, wato GMT da ake lissafin dashi, awa ɗaya ce tsakani, awa ɗaya kuma digiri 15, sai gashi ya maida mu gaban Monrobiya ta Laberiya kuma ya ɗauko fensir zai zana a taswira hankalinshi kwance! Kyaftin dariya kawai yayi. Wanda hannunshi ya saba da littafi tun a layi na biyu zai ji lambar bata zauna ba.

Dan haka roƙona ga malaman yaran nan, a barsu suyi da manhajar amma sai sun fara fitar da amsa da hannu sun gwada, agogon jirgi kuma ya zama daban, ana duba shi da siginar rediyo ana rubuta saurinshi ko jinkirinshi kullum yadda muka taso muka gani.

Yaron dai ya koma makaranta da tsohon Almanak ɗina a jaka. Shekararshi ta wuce, lambobin rana da wata na ciki sun daina aiki, amma nace ya riƙa buɗawa ko ido ya saba da shafukan.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, daga Katsina.